Tsakanin Ledar Kanti da Jakar Mai Sayayya: Ra'ayi a Kan Caje a Ƙofar Kantunan Zamani

Akwai wata al'ada da ta shigo mana tare da manyan kantunan zamani, muka karɓe ta ba tare da mun tsaya mun yi mata kallon tsanaki ba. Mutum ya shiga kanti, ya ɗebi abin da yake bukata, ya bi layi, ya biya, an ba shi rasit, an zuba masa kayansa a leda. Ciniki ya ƙare ke nan. Amma kafin ya kai ga fita sai ya tarar da wani ma'aikaci tsaye a bakin ƙofa ya miƙo hannu: a kawo rasit, a buɗe leda, wani lokaci ma a buɗe har da jakar da mutum ya rataya tun daga gida. Yawancinmu mukan buɗe, mu wuce, mu manta. Tambayar da nake son ɗorawa a gaban manazarta ita ce: shin wajibi ne mai sayayya ya buɗe? In kuma ba wajibi ba ne, ya dace ya buɗe?

Abin da ya sa ni wannan tunani wani abu ne da na gani da idona a wani kanti a Kano. A gabana akwai wani bawan Allah cikin shadda mai maiƙo, makullin mota a hannu, yaro na tura masa keken kaya. Mai gadin ƙofa ya rusuna, ya ɗora biro a kan rasit ba tare da ya karanta ba, ya ba shi hanya. Bayansa sai wata dattijuwa cikin hijabin da ya sha wanki, riƙe da 'yar leda mai madara da sabulu. An karanta nata rasit ɗin layi-layi, sannan aka ce ta buɗe jakar hannunta. Ta buɗe. Ba a gamsu ba, aka zazzage ta a kan tebur: carbi, katin asibiti, ƙullin magani, 'yar ƙaramar waya da aka ɗaure da kyauro, da wasu 'yan kuɗi a nannaɗe. Ba a sami komai ba. Aka ce mata, "To, Baba, kwashe." Ta kwashe, kanta a sunkuye. Mu da ke bayanta mun fi goma, kuma babu wanda ya ce uffan, har da ni. Na san kuma cewa a cikin masu kallo daga nesa akwai wanda zai koma gida da rabin labari: ya ga an tare wata tsohuwa a ƙofar kanti ana zazzage mata jaka. Ɗaya rabin, wato cewa ba a sami komai ba, ba ya tafiya nesa.

Ra'ayina shi ne abubuwa uku ne daban-daban muka haɗa muka rufe da suna ɗaya. Akwai binciken shiga, akwai gwada rasit da ledar kanti a wurin fita, akwai kuma buɗe jakar mutum ta kansa bayan ya biya. Na farko ina ganin ya dace a karɓe shi. Na biyu ana iya karɓarsa bisa sharaɗi. Na uku kuwa, in ba a faɗi takamaiman zargi ba, mai sayayya yana da ikon ya ƙi, kuma sau da yawa ƙin ya fi dacewa da shi, ya fi amfanar wanda ke bayansa a layi.

Harshen kansa ya riga mu rarrabewa. Bahaushe yana da duba, yana da bincika, yana da lalube, yana da zazzage, sannan ya aro caje daga Turanci. Duba aikin ido ne, ana yin sa da izini, likita ma duba marar lafiya yake yi. Bincika ta fi zurfi, tana ɗauke da nufin gano wani abu da aka ɓoye. Lalube aikin hannu ne a wurin da ido bai kai ba, kuma ba banza ba ake danganta shi da ɗan sane a cikin cunkoso. Zazzage ba ta bar wa mai jaka komai a rufe ba. Ita kuwa caje, a kunnen Bahaushe maƙwabciyar caji ofis ce, tana tafe da ƙamshin hukuma da tuhuma. Abin lura shi ne ma'aikacin ƙofa kusan kullum da kalma mafi sauƙi yake roƙo, "bari in duba," amma hannunsa yakan aikata mafi nauyi. Izinin da aka bayar a kan duba bai zama izinin lalube ba.

Kafin a yanke wa kanti hukunci, ya kamata a fahimci inda matsalar ta samo asali. A tsarin cinikinmu na gargajiya, daga Kasuwar Kurmi da ake danganta kafuwarta da zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15 har zuwa mai tireda na bakin layi, kaya suna bayan mai kaya ko a gabansa, ƙarƙashin idonsa. Mai saye yana nunawa, a miƙo masa, a yi tayi, a ce albarka, a ƙara, a sallama. Babu lokacin da haja take hannun baƙo alhali mai ita bai sani ba, saboda haka babu dalilin tare shi bayan ya juya. Tsarin ɗauki-da-kanka daga waje ya zo. A 1916 ne wani ɗan kasuwa mai suna Clarence Saunders ya buɗe kantin Piggly Wiggly a birnin Memfis na Amurka, inda mai saye ke zagayawa da kwando yana ɗaukar kaya da hannunsa, ya biya a wurin fita. Dabarar ta rage yawan ma'aikata, ta kuma ƙara yawan abin da mutane ke saye, domin abin da hannu ya taɓa zuciya takan biya. Manyan kantuna irin na Turai sun fara bayyana a Nijeriya da Kingsway a Legas a 1948, Shoprite ta shigo a 2005, rukunin kantunan Ado Bayero kuma ya buɗe a Kano a 2014.

Ma'anar wannan tarihi ita ce mai kanti ne da kansa ya zaɓi ya baje hajarsa ya janye idonsa, saboda ribar da ke cikin yin hakan. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba ina wanke ɓarawo ba ne. Ina cewa ne haɗarin sata wani ɓangare ne na tsarin da mai kanti ya zaɓa, ya kuma riga ya sa kuɗinsa a cikin farashi. In ya dawo ya ce kowane mai saye ya tabbatar masa a bakin ƙofa cewa shi ba ɓarawo ba ne, to ya ci riba sau biyu: ya sa mu aikin yaron shago kyauta, sannan ya ɗora mana nauyin wanke kai.

Binciken shiga labarinsa daban ne, kuma duk wanda ya zauna a Arewa a shekarun baya ba ya bukatar dogon bayani. Hare-haren 20 ga Janairu 2012 a Kano sun ci rayuka fiye da 150 a yini ɗaya. A Satumba 2013 'yan bindiga suka afka wa rukunin kantunan Westgate a Nairobi, suka kashe mutum 67. A ranar 25 ga Yuni 2014 bom ya tashi a Emab Plaza da ke Wuse a Abuja. A Disambar wannan shekara aka kai harin ƙunar baƙin wake Kantin Kwari, a Nuwamba 2015 kuma aka kai kasuwar waya ta Farm Centre. A wannan zamani ne muka saba da na'urar laluben ƙarfe a ƙofar masallaci da coci da banki da makaranta, muka saba da buɗe bayan mota. Wanda ke buɗe jakarsa a wurin shiga ba dukiyar mai kanti yake karewa ba, ran kansa da na jama'a yake karewa. Bugu da ƙari, a wannan lokaci zaɓi yana hannunsa cikakke: in bai yarda ba sai ya juya, bai biya kowa komai ba, ba a tsare shi ba. Mai wuri yana da ikon gindaya sharaɗin shiga wurinsa, kamar yadda maigida ke da ikon cewa a cire takalmi a zaure.

Sai dai a nan ne wata ɓarna ta ɓuya. Shekarun tsoro sun horar da hannuwanmu, sun koya mana buɗe jaka da zarar mun ga mai inifom. Haƙurin da muka yi domin tsare rai sai aka karkatar da shi zuwa tsare gwangwanin madara, mu kuma ba mu lura da lokacin da ƙofar shiga ta koma ƙofar fita ba.

Gwada rasit da ledar kanti ya fi sauƙin karɓa, kuma ba ni da babbar jayayya da shi. Ledar ta kanti ce, abin da ke ciki yanzun nan ya bi ta gaban mai karɓar kuɗi, babu sirrin da ya rage a ciki. Hasali ma wannan dubawa takan amfani mai saye, domin a nan ake gano an lissafa masa abu ɗaya sau biyu ko an manta ba a sa masa wani ba. Akwai kuma gaskiyar da kantuna ba su cika faɗa ba: rabin manufar gwada rasit sa ido ne a kan ma'aikatansu, kada mai karɓar kuɗi ya haɗa baki da wani ya wuce da kaya ba a lissafa ba. Da za a faɗa wa mutane haka, da zafin abin ya ragu ƙwarai. Duk da haka ya kamata a riƙa tunawa alfarma ce mai saye yake yi, ba bashi yake biya ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ciniki yana ƙulluwa da zarar an yi tayi an sallama, ba sai an rabu da wurin ba. Wanda ya biya, kayan nasa ne tun yana gaban teburin biya. Sharaɗin da nake gani shi ne a sanar tun a ƙofar shiga, a yi wa kowa, kuma a yi da ido, ba da hannu ba.

Inda nake son in daɗe shi ne jakar mutum ta kansa. Jaka a rayuwar Bahaushe ba mazubi ba ce kawai. Malami yana da gafaka, wanzami yana da zabira, maharbi yana da burgami, fatake suna da taiki, kuma kowacce a cikinsu akwai ladabin da ya hana wanda ba mai ita ba ya tura hannu. Kalmar jaka ma kanta ta zama sunan dukiya: jaka guda fam ɗari ce a da, wato Naira 200, a Nijar kuwa jikka ita ce sefa 1,000. A gida ma, yaron da aka aika ya ɗauko wa uwarsa jaka, ɗauko ta yake yi ya kawo mata a rufe, ita ta buɗe da kanta. Miji mai kamun kai ba ya binciken jakar matarsa. To abin da ɗa bai yi wa uwa ba, miji bai yi wa mata ba, ta yaya ya zama abin da baƙo zai yi a bainar jama'a ba tare da ya faɗi dalili ba?

Hujjar da aka fi kawowa ita ce: in ba ka ɗauki komai ba, me kake tsoro? Har akan ƙawata ta da karin magana, wai mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wannan hujja ta ginu ne a kan zaton cewa abin da mutum ke ɓoyewa laifi ne kaɗai. Al'adarmu ba ta yarda da haka ba. Babbar addu'ar Bahaushe ita ce Allah Ya rufa asiri, kuma asirin da ake roƙon rufewa ba sata ba ce ko ɓarna. Talauci ne, ciwo ne, bashi ne, rauni ne irin na ɗan Adam. A jakar mace akwai audugar mata, akwai maganin ciwon da ko 'yan uwanta ba su san tana da shi ba, akwai takardar gwajin asibiti, akwai takardar kotu. A jakar magidanci akwai takardar sallama daga aiki, ko kuma babu komai sai Naira ɗari biyar, wadda ita ce asirin da ya fi so a rufa masa. Duk waɗannan halal ne, kuma duk ba na idon jama'a ba ne. Wanda ya ƙi buɗewa ba lallai kaza ce a aljihunsa ba.

A laccarsa da aka buga a 1974 a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, Anthony Kirk-Greene ya lissafa halaye goma, daga cikinsu akwai amana da haƙuri da kunya da ladabi da mutunci. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne yadda waɗannan halaye suke karo da juna a ƙofar kanti. Haƙuri da ladabi suna cewa buɗe ka wuce, kada ka ja magana. Kunya tana cewa kada ka tara wa kanka jama'a. Mutunci kuwa yana cewa kada ka bari a yi maka kallon ɓarawo. Kanti yana cin moriyar ukun farko domin ya danne na huɗu. Ya san dattijuwar nan ba za ta ɗaga murya ba, domin tarbiyyarta ta hana ta. Wato kyawawan halayenta ne aka mayar makamin da aka ci mata fuska da shi. Mutunci kuma a wurinmu ba abu ne da mutum ke riƙe da shi a zuci shi kaɗai ba, a idon jama'a yake zaune, shi ya sa aka kamanta shi da madara, in ta zube ba ta kwasuwa.

Ta fuskar doka, ma'aikacin kanti ba ɗan sanda ba ne. Ko da ma'aikacin kamfanin gadi ne mai lasisi a ƙarƙashin dokar kamfanonin gadi ta 1986, wadda hukumar Sibil Difens ke kula da aiwatar da ita, inifom ɗinsa bai ba shi ikon hukuma ba. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kare mutuncin ɗan Adam a sashe na 34, 'yancin walwala a sashe na 35, sirrin ɗan ƙasa a sashe na 37, sashe na 36 kuma ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda jihohi suka yi nasu a kan salonta, ta yarda mutumin da ba jami'i ba ya kama wanda ya aikata laifi a gabansa ko wanda yake da ƙwaƙƙwaran dalilin zarginsa, amma ta wajabta masa miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da jinkiri ba. Ko wanda aka kama ma, dokar ta ce a caje shi cikin mutunci, kuma jinsinsa ne zai caje shi. To in wanda ake tuhuma a hannun hukuma yana da wannan kariya, ina ga wadda ta biya kuɗinta tana riƙe da rasit? Tsare mutum a hana shi tafiya ba bisa hujja ba kuwa laifi ne a dokar Final Kod da Arewa ke aiki da ita tun 1960.

Ƙasashen da tsarin ya samo asali ma ba su sakar wa kanti linzami ba. Jihohin Amurka sun ba mai kanti damar tsare mutum na ɗan lokaci, ta hanyar da hankali zai ɗauka, amma sai in yana da dalilin zargi mai ƙarfi. Kamfanin Costco, wanda ya shahara da duba rasit a ƙofa, ya dogara ne a kan yarjejeniyar da mutum ke amincewa da ita lokacin da ya yanki katin zama mamba. A jihar New South Wales ta Ostireliya ƙa'idar da 'yan kasuwa ke bi ita ce a kafa sanarwa a ƙofar shiga, kada ma'aikaci ya taɓa abin da ke cikin jaka, kuma kada a nemi buɗe jakar hannun da ba ta kai girman fallen takarda ba sai da tabbacin akwai kayan kanti a ciki. Mun aro kantin, mun bar ƙa'idar a can.

A namu turken ma akwai abin dogaro da ya fi wannan tsufa. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta haɗa hani ga yawan zato da hani ga bin diddigin asirin mutane a wuri ɗaya, daga nan ne kuma Bahaushe ya sami maganarsa cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ƙa'idar shari'a sananniya ce cewa kawo hujja nauyin mai da'awa ne. Al-Mawardi, wanda ya rasu a 1058, da yake bayanin aikin muhtasibi a cikin Al-Ahkamus Sulɗaniyya, ya hana shi tono abin da aka ɓoye, sai fa in labari amintacce ya zo cewa ana shirin wata ɓarna da ba ta gyaruwa in ta auku, kamar kisan kai. Wannan shi ne ainihin bambancin da ke tsakanin ƙofar shiga da ƙofar fita, malamin ya riga ya shata shi tun kusan shekara dubu da suka wuce. In muhtasibi mai izinin sarki bai sami wannan dama ba, mai gadin kanti bai fi shi ba.

Akwai binciken kaya guda biyu da kowane almajiri ya sani. A ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, an bincike buhunan 'yan uwansa, amma sai da aka yi shela, aka faɗi zargin a fili, aka ambaci abin da ya ɓace, wato ma'aunin sarki, aka tambaye su hukuncin da suka yarda da shi, sannan aka bi kayansu ba a tsame mutum ɗaya tun farko ba. A ƙissar wasiƙar Haɗibu ɗan Abi Balta'a kuwa, gab da buɗe Makka, an tura Sayyidina Ali da abokan tafiyarsa su tare wata mata takamaimiya, a wuri takamaimai, a kan abu takamaimai, bisa labari tabbatacce, kuma rayukan jama'a ne a kan gaba. A duka biyun akwai suna, akwai abu, akwai dalili. Babu inda aka ce a tare duk wanda kamanninsa bai kwanta wa mai gadi ba.

Nan ne kuma cutar ta fi tsanani, domin a aikace ba kowa ake caje ba. Ƙofar kanti takan karanta sutura kafin ta karanta rasit. Mai shadda ya wuce, mai silifa ya tsaya. Matashi mai jakar goyo ya tsaya, mai hijabi har ƙasa ta tsaya, wanda Hausarsa ta nuna daga ƙauye ya fito ya tsaya. In ana yi wa kowa, to ƙa'ida ce, ba ta ɓata sunan kowa. In an zaɓi mutum ɗaya daga cikin goma, to an tuhume shi ke nan ko ba a furta ba, kuma an tuhume shi a gaban shaidu. A ƙasar da ihun "ɓarawo" kan tara jama'a da duwatsu kafin a tambayi me ya sata, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba na kwatanta ƙofar kanti da abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a ƙarshen Maris 2025, inda 'yan sintiri suka tare mota suka caje kayan mafarauta 'yan Arewa, taron jama'a kuma ya kashe mutum 16 daga cikinsu. Nisan da ke tsakani mai yawa ne. Amma tsarin iri ɗaya ne a ƙaramin sikeli: wanda ba hukuma ba ya yi zato bisa kamanni, ya yi bincike a fili, ya bar wa 'yan kallo fassara. Mu da muka san ɗacin a zarge mu saboda suturarmu da harshenmu a wasu garuruwa, bai kamata mu yi wa talakanmu irinsa a gida ba.

Na san abin da mai kanti zai ce, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Sata tana nan, asara tana nan, kuma a ƙarshe mai saye na gaskiya ne ke biyanta a farashi. Amma hanyoyin tsaro da ba su taɓa mutunci ba suna da yawa, wasu kantunanmu ma suna amfani da su: ma'ajiyar jaka a ƙofar shiga inda ake ba mutum lamba, kyamarorin tsaro, 'yan maƙalai masu sa ƙararrawa ta yi kuka in an fita da kayan da ba a biya ba, da ma'aikata masu zagaya layukan kaya. In kyamara ta nuna mutum ya sa wani abu a jaka, to ga dalili ya samu. Sai a kira shi gefe cikin sirri, a faɗa masa abin da aka gani, in mace ce a kira mace, in ya ƙi a kira 'yan sanda. Wannan ba wanda zai yi jayayya da shi, rana ɗaya ta mai kaya ce ta zo. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a mayar da rashin dalili ya zama ƙa'ida.

Shi kuma mai sayayya da ya zaɓi ya ƙi, ya tuna wanda ke gabansa. Mai gadin nan ɗan wani ne, umarni aka ba shi, wataƙila albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba, in ma ya kai, kuma yana tsoron a cire masa kuɗin abin da ya ɓace. Zaginsa cin zali ne a kan cin zali. Ya isa a ce masa, "Malam, ga rasit, ga ledarku, duba. Wannan kuwa jakata ce. In akwai abin da aka ga na ɗauka, a faɗa mini, a kira manaja." Mafi yawan lokuta maganar takan tsaya nan, domin babu abin da aka gani. Kuma nauyin faɗin wannan ya fi hawa kan irinmu, masu digiri da shadda waɗanda ba a cika tarewa ba, fiye da dattijuwar da ba ta san tana da zaɓi ba. Da na ce wani abu a ranar, ko da "a bar ta haka nan, ai ta biya" ne, da ba a zazzage jakar ba. Shiruna ya taimaka wa mai gadin.

Saura wani abu da ya shafi fagenmu kai tsaye. Kantunan da ke kafa sanarwar bincike a ƙofa suna dogara da ita a matsayin yardar mai shiga. To sanarwar da na riƙa gani a Kano da Kaduna da Turanci take, da ƙananan haruffa, a garuruwan da mafi yawan masu shiga Hausa suke ji, wasu ma ajami kaɗai suke karantawa. Yardar da aka karɓa da harshen da mutum bai ji ba, ban san sunan da malaman fiƙihu ko lauyoyi za su ba ta ba, amma Bahaushe zai kira ta yaudara. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'inmu su miƙa wa ƙungiyoyin 'yan kasuwa da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wadda dokar 2018 ta kafa, daftarin sanarwa da boko da ajami. Wanda aka ba aikin fassarar zai ci karo da tambayar da kantunan suka daɗe suna kauce wa, domin dole ya zaɓi aikatau ɗaya ya rubuta. In ya rubuta "za a duba ledar sayayyarka da rasit," to hannun mai gadi ya fita daga jakar kowa. In kuwa abin da ake nufi shi ne "za a caje jakarka lokacin fita," to a rubuta hakan da manyan baƙaƙe a saman ƙofa, sannan a tsaya a ƙirga mutum nawa ne za su karanta su shiga.